Allo ya ce an aika sha ɗaya, Bulus bai ga ko ɗaya ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da masu karatu. A ɓoye sunana, na mutanen ciki ma na canza su. Mai son zagina ya bari ya kai ƙarshe, na riga shi.

Ni mai gyaran waya ne a unguwar Television, Kaduna. A aji uku na firamare na tsaya. Sau biyu rikici na cinye shagona, sau biyu ina tashi ban roƙi kowa ba. Python, yaren rubuta manhaja, a waya na koye shi, da bidiyo, sai na maimaita abu sau goma kafin ya zauna. Muna da ƙungiyar masu ba da jini kyauta, Musulmi da Kirista, daga Nasarawa har Unguwar Mu'azu. Ni na rubuta mana manhajar tura saƙo: ka sa irin jinin da ake nema, ta zaƙulo lambobin masu shi, ta tura wa kowa. Ranar da na kawo ta, sakatarenmu Malam Aminu, mai digiri, ya tambaya a gaban jama'a wai yaushe mai liƙa sikirin ya zama injiniya. Na haɗiye. Wata takwas tana aiki, bai ƙara tofawa ba.

Sai matar wani direban tifa ta yi ta zubar da jini bayan haihuwa, jininta kuma irin wanda ba a cika samu ba. Aminu ya tura saƙo, allo ya nuna an aika sha ɗaya, ya zauna yana jira, a zatonsa cikin mutum sha ɗaya wani zai zo. Awa biyu ba kowa. Da ƙyar aka samo jini a wani wuri, ta rayu, amma har yau tana kwance a asibiti. Da aka duba rajista sai aka ga mutum ɗaya ne tak mai irin jinin nan a cikinmu, Bulus mai walda. Shi ke nan, aka ce sau sha ɗaya aka tura masa ya ƙi zuwa. Ya rantse bai ga komai ba, aka ce gogewa ya yi. Kafin kwana biyu magana ta koma wai don matar Musulma ce. A Kaduna! Akwai wanda bai san inda irin wannan maganar ke kai mutane ba? Bulus ɗin da ya ba ƙanwata jini bai tambayi addininta ba?

Sha ɗayan nan ya tsaya min a wuya. Me ya sa sha ɗaya? Na sa manhajar ta rubuto duk inda ta tura. Sai ga shi layi-layi: sifili, takwas, sifili, uku, har layi sha ɗaya. Lambar wayar Bulus ce, mai adadi sha ɗaya, ta yayyanka. Idan mutane da yawa ta samo, tana zuba lambobinsu a jeri, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum ɗaya ne, ni da hannuna na sa ta miƙo lambar tsirara, rubutu kawai, ba a cikin jeri ba. Ita kuwa ba ruwanta, duk abin da ka ba ta bi take yi ɗaya-ɗaya, sai ta ɗauki kowane adadi a matsayin mutum. Ban kuma sa ta duba ko saƙo ya isa ba, ƙirgawa kawai take yi. Ban taɓa gwada ta da mutum ɗaya ba. Wane irin jaki ne ba zai gwada ba? Baka biyu, alamar buɗe jeri da rufe shi, na ƙara, lambar ta koma cikin jeri. Ko minti ɗaya gyaran bai ci ba. Na rufe kwamfuta, na ɓoye wa kowa abin da na gano.

Shekaranjiya Bulus ya zo shago ya ajiye min wayarsa.

"Oga, duba min ita. Ko ita ke cinye saƙo?"

Na buɗe, na hure ƙura, na rufe. Na ce lafiyarta ƙalau.

Ya ce, "To, ni ne ke nan." Ya ɗauka ya tafi.

Tun lokacin nake jin haushi. Haushin Aminu da ya kasa ɗaga waya ya kira mutum. Haushin masu baki da suka sa addini a abin da babu shi. Nawa ya fi duka, don ni kaɗai na san gaskiya.

Ranar Asabar za a zauna a kori Bulus. Kiristocinmu sun ce in ya fita, da su zai fita. Aminu ya ce in zo da kwamfuta in nuna wa kowa sha ɗayan nan, ni ne shaida. In na faɗi gaskiya, abin da Aminu ya faɗa a kaina ya tabbata, direban tifa kuma zai san wanda ya kusa kashe masa mata. In na yi shiru, Bulus zai ɗauki kayana har ya mutu.

Wutar rikicin da ta cinye shagona ba ta sa na sunkuyar da kai ba, amma jiya na hango Bulus a bakin titi na canza hanya. Me zan yi?