Kira daga Saman Gangirwal

Daren Alhamis, Majidaɗi, Jalingo

Alhamdu lillahi, Bello yana raye.

Ƙanin nan nawa ya ɗora wa kansa hawa dutse mafi tsawo a kowane yankin ƙasar nan, aikin da ba wanda ya sa shi. Ya hau Shere a Jos, ya je Obudu, sannan ya nufi namu na Taraba, Gangirwal, wanda ya fi su duka. Tun da ya haura Mambila wayarsa ta daina shiga.

Yau da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira Inna. Ta miƙo min wayar.

"Masu garkuwa ne, Hadiza. Ke kika yi boko, yi musu magana."

Digirina bai hana bakina bushewa ba. Na ɗauka.

"Adda, ni ne, ina can ƙololuwa. Layin Kamaru kaɗai ke kamawa, wayar ɗan jagora na ara."

Inna ta fizge wayar.

"To, me ka gani a can?"

"Gajimare, Inna."

"Madalla. Sauko, mu ma muna da shi."

Tana ajiye wayar ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba.