Madubi Shida da Kan Tarwaɗa

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Madarumfa
Daga Sa'idu Ɗan Baba, ɗan kabu-kabu, tashar bakin kasuwa
Litinin, 14 ga Maris, 2022

Game da: madubai da dogayen kujerun Restoran Sabon Yayi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ladabi, ga kukana:

1. A da, gidan abincin Hajiya Delu na bakin tabki da zana aka raba shi lungu-lungu, kowa ya ci kifinsa Allah kaɗai ke ganinsa. Ranar 2 ga Fabrairu ɗanta ya dawo daga Yamai, ya kwashe zanar, ya shafe bango da baƙin fenti, ya manna madubi shida, ya jera kujerun tabure masu tsawon ƙirjina gaban kantar lemo, ya sa wa wurin suna Restoran Sabon Yayi. Wai zamani.

2. Mai girma ya sani, garin nan kowa surukin wani ne, kuma ba a cin abinci gaban suruki.

3. Ranar Juma'a, 4 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci, ina bisa tabure ina tsotsar kan tarwaɗa, sai Malam Mainasara ya shigo sayen ruwan sanyi. Shi ne mahaifin Sakina, wadda aka kai goron gaisuwata gidansu. Na ba ƙofa baya, amma madubi ya kai masa ni har sau shida, duka shidan da man kifi har gwiwar hannu.

4. Na so in durƙusa, ƙafata ba ta kai ƙasa ba. Haka na gaishe shi daga sama kamar mai huɗuba, ga ƙaya a baki. Ya ɗauki ruwansa ya fita.

5. Ranar 6 aka mayar wa gwaggona Kande da goron, ko ganyen ba a kwance ba. Sakina ta daina ɗaukar wayata. Na sami ɗan Hajiya, ya ce mini a Yamai haka ake zama.

Don haka ina roƙo a sa su rataya labule, a rage ƙafafun taburen nan, sannan buronku, wato ofishinku, ya ba ni takarda mai hatimi cewa tsawon kujera ne, ba rashin tarbiyya ba.

Na san hatimi ba ya dawo da goro. An ce ma wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya fara zuwa zance wurin Sakina, kuma shi a gida yake cin abinci. Amma a yi don na baya.

Da dukan ladabi, a durƙushe wannan karon,

Sa'idu Ɗan Baba