Harshen Akuyarki, Mama

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina hutawa a wurin da babu ciwo. Mu nan Kafanchan muna lafiya, an fara tonon citta.

Yau na koya wa ɗalibaina na likitancin dabbobi darasin harshe, shi ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto miki.

Kin tuna jar akuyarki mai lasar gishiri a tafin hannunki? Kullum kina mitar kaushin harshenta. Da aka yanka ta a Kirsimeti, kika hana a sa harshen a tukunya, kika naɗe mini shi a ganyen ayaba kina tsokanata: "Mutane suna karanta Baibul, kai kana karanta bakin akuya. To kai shi makaranta, ka zo ka nuna mini abin da yake ciki."

Na kai, Mama. Na yanka shi siriri fiye da fatar albasa, na rina, na manna a gilashi, na sa a madubin da ke ƙara girman abu. Kaushin nan ashe ƙananan ƙayoyi ne a jere, duk sun karkata wajen maƙogwaro don ciyawa kada ta kuɓuce. Can ƙasa kuma ga wuraren da miyau ke tsatsowa, cunkus kamar kan dawa. Na yi murna kamar yaro, na ce sai kin gani da idonki.

Sai dai ke da ni jirgi ɗaya ya kwaso mu. In na ce ki zo, ki ce bari a gama citta, ko zumuntar matan coci na da taro a Zonkwa. In kin shirya, ni kuma jarrabawa ta riƙe ni. Muna ta "wani sati" kamar lokaci namu ne.

Ranar da na ɗauko madubin zuwa gida a bayan mashin, yanar ido ta riga ta rufe miki gani. Kika kafa ido a madubin kika daɗe, sannan kika ce, "Yana da kyau, Bulus." Na san hazo kawai kika gani. Kika shafa gilashin da yatsa, kika tambaya ko na ci abinci.

Abin da ya fi ci mini rai kwanakinki na ƙarshe ne, da bakinki ya bushe ƙayau. Na san sunan kowace hanyar da miyau ke bi, amma abin da na iya yi miki bai wuce jiƙa auduga in shafa miki a leɓe ba.

Gilashin yana nan. Kowace shekara ɗalibai kan yi layi su leƙa harshen akuyarki, har su yi ta mamaki. Kowa ya gani, Mama, ban da ke da kika aike ni.

Ubangiji ya buɗe miki ido a gabansa, ya shayar da ke ruwan rai. In mun sadu, ba zan ce "wani sati" ba.

Ɗanki,
Bulus