Na Kori Abokin Ƙanena Daga Bakin Kabarinsa

Malama Awadiyya, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ɗalibi ne a Alƙahira. Ƙanena Ukasha ya biyo ni karatu, ƙwallo ta ɗauke masa hankali, ya samu wani ƙaramin kulob. A can ya haɗu da Toshiharu, ɗan Japan mai tsaron baya. Mutumin nan ya shekara goma sha huɗu yana yawon ƙananan kulob a ƙasashe biyar. Ya taɓa gaya mana a garinsu ko mai shagon unguwa bai san ɗan ƙwallo ne shi ba, amma a unguwarmu Hayyin Ashir har masu tuk-tuk, wato keke napep, sun san sunansa. Tuwon gidanmu kuwa ya ci har ya iya loma.

Bara waccan Ukasha ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye. Toshiharu ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Bai tashi ba, a nan Alƙahira muka binne shi.

Ranar da ya cika shekara na je ziyarar kabarinsa, na tarar da Toshiharu durƙushe. Ya share wurin tas, ya kunna turare, ya ajiye kofin shayi mai na'a-na'a irin wanda Ukasha yake so. Raina ya ɓaci. Na shure kofin, na ce masa nan ba gidan tsafi ba ne. Ya tsince gutsattsarin kofin, ya rusuna mini, ya tafi. Daga baya na ji haka suke girmama mamacinsu.

Yanzu ciwon gwiwa ya raba shi da wasa, kulob ya sallame shi ba ko taron bankwana, Juma'a zai koma gida. Ya aiko Isam, mai kula da kayan 'yan wasa, yana neman izinina ya yi wa Ukasha sallama. Ina tsoron Allah, ina kuma jin kunyarsa. Yaya zan yi?

Mai Nadama, Hayyin Ashir

Ɗana, Allah ya jiƙan Ukasha.

Kishin addininka ba laifi ba ne. Turare da shayi ba sa cikin ziyararmu, kuma kana da haƙƙin faɗa. Amma da baki ake faɗa, ba da ƙafa ba. Mutumin ya zo da abin da ya gada ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu, kai kuma mai karatun ba ka koya masa ba.

Kada ka mayar da amsa ta bakin Isam. Je ka da kanka ka ba shi haƙuri sosai, ma'alish, wato "yi haƙuri" ta mutanen Masar, kaɗai ba ta isa ba. Ka kai shi maƙabarta, a hanya ka gaya masa yadda muke yi. Kai ka yi addu'a, shi ya tsaya gefenka, hawaye kuwa ba a hana kowa ba. In zuciyarka tana waswasi, tambayi malaminka yau, kada ka kai gobe.

A duk faɗin Masar ku biyu ne kuka yi wannan rashi. Bayan Juma'a kai kaɗai za ka rage. Allah ya ba ka haƙuri, shi kuma ya kai shi gida lafiya.