Baba, Na Goge Mujiyarka

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwa ta ladabi daga 'yarka. Wata biyar ke nan da rasuwarka. Ina rubuto maka ne don na yi wani laifi, na kuma kasa zama wuri ɗaya.

Ranar Asabar yayarka Gwaggo Rabi ta zo daga Alexandria, garin nan da ke kusa da mu, don ta taya Umma haɗa kayanka. A ƙasan durowa ta ga akwatin tsoffin kuɗin azurfarka na Girka, guda huɗun nan. Da idonta ya faɗa kan mai hoton mujiya sai ta yi a'uziyya. Ta ce ba a kwana da wannan tsuntsuwa a gida, balle gidan da aka yi jinya. Ta ce ran Juma'a za ta dawo ta fitar da ita.

Na so in yi magana, Baba, amma ka san ni gaban manya.

Da na iya, da na faɗa mata abin da ka koya mini a teburin kicin ɗin gidanmu na nan garin Greenbelt. Kowane gari abin da yake taƙama da shi yake bugawa a kuɗinsa. Mutanen tsibiri suka buga kunkurun ruwa, manoma suka buga zangarniyar sha'ir. Mutanen birnin Atina kuwa suka zaɓi mujiya alamar hikima, don tana gani a inda wasu ba sa gani, suka sa mata reshen zaitun a gefe. Kullum ta baki-baki kake riƙe su, kana cewa, "Baƙin nan shekaru ne, ba dauɗa ba."

Na san haka, amma na yi tunanin in ta yi haske Gwaggo za ta ga azurfa ce kawai. Jiya da na dawo daga makaranta na sa man goge baki da tsumma, yadda Umma ke wanke awarwaronta. Baƙin ya fita tas. Idanun mujiyar suka ƙara fitowa ƙuru-ƙuru.

A haka Umma ta same ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, kuma ta baki-baki ta riƙe, kamar kai. Ta ce ita ma shekara goma sha takwas tana jin tsoron tsuntsuwar nan, sai dai ba ta taɓa ganin ka saki jiki kamar lokacin da kake kallonta ba. Ta kai ta cikin akwatin awarwaronta ta kulle, ta ce in bar ta da Gwaggo.

Mujiyarka ta zauna, Baba. Amma tun safe nake leƙa ukun da suka rage, ina kallon baƙinsu. Abin da ya yi sama da shekara dubu biyu yana taruwa, na share shi kafin la'asar. Har da wurin da yatsunka suka sha taɓawa.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Sauran ukun ba zan goge su ba.

'Yarka mai kewarka,
Nafisa