Rigar Direba da ɗan gwajin da na ara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, an ɗauke ni! Wato ba ɗauka ta gaske ba tukuna, gwaji ne na wata ɗaya. In na yi kyau in zauna, in ban yi ba in dawo gida da jakata. Wurin saƙa ne, ɗaki ɗaya a saman wani shagon takalma, mu shida a kan benci biyu. Zaren ulu ne har rufi, launin da ban taɓa gani ba ma akwai. Mai wurin ana ce mata Mama Mai Tef, don tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, an ce har wanka da shi take yi. Wadda ke zama kusa da ni Doguwa ake ce mata, tana da kirki, sai dai tsokana. Ta ce na riƙe tsinken saƙa kamar zan soke ɓarawo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a nan ba a fara riga sai an saƙa wani ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ɗan gwaji suke ce masa. A wanke shi, ya bushe, a ɗora tef a ƙirga ido nawa ne a inci huɗu. Ido shi ne kowane ɗan lanƙwasa da zare ya yi a kan tsinke. To bayan wannan wahala ba a sa shi, ba a sayar da shi! Rataye shi ake yi a bango. Kowace ma'aikaciya tana da ƙusarta. Ni ce kawai ba ni da ƙusa, sai an tabbatar da mutum ake kafa masa. Kullum sai na saci kallon gurbin da ke kusa da ta Doguwa.

Ki gaida kowa. Ki ce wa Inna ina cin abinci.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Ya tarin ƙaramin naki?

Albishirinki! An ba ni riga sukutum ni kaɗai! Wani direban babbar mota ne ya zo, mutum ne kamar ƙofar gida, sai da ya karkace kafin ya shigo. Yana son rigar sanyi ruwan toka don hanyar da yake bi akwai sanyi sosai. Mama ta auna ƙirjinsa, tef ɗin ya kusa ƙarewa, inci arba'in da takwas. Shi kansa dariya ya yi, ya ce a saƙa da fili don bai gama girma ba. Da ya fita Mama ta ajiye zaren a cinyata ta ce wannan ce jarrabawata. 

Wannan da zan faɗa kada ki karanta wa Inna. Takardar aikin da Mama ta ba ni ta ce a samu ido goma sha takwas a inci huɗu. Mama ta ce in yi ɗan gwajina in kawo mata. Ni kuma na ga kwana biyu zai ci mini da wanki da jiran bushewa, ga zare zai tafi a banza, kin san Inna ko guntun zare ba ta yardawa. Sai na lura Doguwa tana da wani a ƙusarta, zare iri ɗaya, tsinke lamba ɗaya, kuma goma sha takwas ne cif. Na ce ta ara mini. Ta ce hannu ba ɗaya ba ne. Na ɗora tafina a kan nata na nuna mata tsawonsu ɗaya. Ta yi ta dariya har ta ba ni. Na kai wa Mama tana tsakiyar magana da mai kawo zare, ta ɗora tef, ta gyaɗa kai.

Kin ga dabara? Yanzu na gama baya, na kusa gama gaba. Sumul yake, ko haske ba ya ratsa shi. Ya ɗan yi mini ƙanƙanta a ido, amma na san ulu yana buɗewa. Ki fara shirin taya ni murna.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Direba ya zo gwada riga jiya. Ni na miƙa masa da hannu biyu ina ta murmushi. Kansa ya shiga da ƙyar. Hannuwansa suka shiga rabi suka tsaya a sama kamar wanda aka ce ya miƙa wuya. Rigar ta tsaya a hammata, tumbinsa duk a waje. Daga cikin rigar muke jin muryarsa yana tambaya ko akwai ƙofar fita ta baya. Sai da mutum uku suka ja kafin ya fito, kunnuwansa jawur. Kowa na dariya, har shi. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa rigar ta ƙirga, ido ashirin da uku a inci huɗu. Ido biyar ne fa kawai suka ƙaru, Yaya, amma da suka zagaye jikin mutum sai suka cinye inci goma! Har yanzu abin yana ba ni mamaki. Sai ta ɗauko ɗan gwajin ta ajiye kusa da rigar, ta shafa wannan ta shafa wancan, ta ce waɗannan ba uwarsu ɗaya ba. Na ga Doguwa ta buɗe baki za ta ɗauki laifin. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce ni na roƙe ta, ni na yi ƙarya.

Na ɗauka jakata za ta ce in ɗauka. Sai ta kama hannuna tana juya shi, ta tambaye ni aikin da nake yi a gida. Na ce kitso. Ta ce Allah ya ji ƙan kawunan da na kama. Nan na tuna yadda kike kuka in na yi miki, kina cewa girarki ta koma ƙeya. Ashe haka nake yi wa zare! Ta ce ɗan gwaji ba zare yake aunawa ba, hannun mai saƙa yake aunawa, shi ya sa ba a aronsa.

Direba zai dawo daga tafiya bayan kwana goma sha biyu, ranar da watana ke cika. Mama ta ce in warware rigar da hannuna in sake. In ta shige shi na zauna, in ba ta shige shi ba ta sallame ni. Na warware ina hawaye, aikin mako biyu ya koma ƙwallo cikin ɗan lokaci. Yanzu ki faɗa wa Inna duka, ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata, Yayata!

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kowa lafiya, don bakina ba zai iya jira ba.

Ɗan gwaji uku na yi! Na farko da tsinkena na da, ashirin da uku, kamar katako. Mama ta ba ni tsinke mai kauri, ya sauko ashirin. Ta ƙara mini wani mai kauri, Doguwa kuma ta zauna tana ba ni labarin masu zuwa zance wurinta don in saki kafaɗa. Na wanke, na jira ya bushe, na ƙirga sau huɗu. Goma sha takwas! Na yi ihu har mai takalma ya leƙo daga ƙasa yana tambaya ko gobara ce. Kwana huɗu suka tafi a nan, saura takwas, amma abin mamaki saƙar ta fi sauri tunda na daina shaƙe zaren. Duk inci biyar sai na ɗora tef, har Doguwa ta fara kirana Ƙaramar Mai Tef.

Yau da safe ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in akwai haɗari a faɗa masa ya bar wasiyya. Ya zura kai, ya zura hannu, rigar ta sauka har ƙugu lafiya lau! Ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya yi kamar yana juya sitiyari. Ya ƙi cirewa, haka ya fita da ita cikin rana yana gumi.

Mama ta miƙe. Ta buɗe akwatin tebur ta ɗauko guduma da ƙusa, ta je kusa da ta Doguwa ta buga sau uku, ta koma aikinta. Ni na rataye ɗan gwajina da kaina, Yaya. 

Ga na farkon nan mai tauri na sa miki a cikin ambulan, ki riƙa ɗauke tukunya da shi, ko wuta ba za ta ratsa ba. Sannan zan saƙa wa Inna riga, ki samo zare ki zagaya ƙirjinta da shi, ki yanke daidai, wani kuma daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ki aiko mini. Kada ki auna naki ki ce ai jikinku ɗaya. Ba zan karɓa ba.

Ki gaida Inna da kyau da kyau.

Ƙanwarki mai ƙusa,
Auta