Nonon da Aka Hana Muttaka

Damaga, Lahadi

Yaya Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin asibiti, ya maigidan da yara? Allah shi bar mu tare.

Sabis ya ɗauke mana, shi ya sa na ba Bawa direba wannan takarda. Muttaka ne ba lafiya. Kwana uku yana zawo kamar ruwa, idanunsa sun zurma, maɗiga ta faɗa. Mata na ta cewa haƙori ne, tunda wata tara gare shi. Tun jiya bai yi fitsari ba. Na cire shi daga nono ranar da ciwon ya fara, don Allah kada ki tambaye ni dalili. Ki aiko da magani. Tsoro nike ji, Yaya.

Ƙanwarki,
Barira

Talata Mafara, Lahadi da la'asar

Barira,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sauran gaisuwa sai na gan ki.

Ni za ki ɓoye wa? Ciki gare ki, kin yi kwanika, aka ce miki nononki ya lalace, shi ke sa yaro zawo. Ba haka ba ne. Nonon mai ciki ba ya sa zawo, ƙwayar cuta ce daga ruwa ko hannu. Ke kanki Inna ta shayar da ke da cikin ƙanenmu Hayatu har wata biyar, ni na riƙa goya ki, ƙibarki har gobe bayana na tunawa.

Mai da shi nono yanzu, kafin ki ƙarasa karatun nan. Ga garin gishiri da sukari, ki zuba ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa ba shi da cokali. In ya yi amai, ki jira kaɗan ki ci gaba. Amma yaron da ya kwana bai yi fitsari ba, ba na gida ba ne. Na tsai da Bawa, zai kai ku asibitin Maradun yau, a duba shi, a ƙara masa ruwa.

Ba ki yi abin kunya ba, ƙanwata. Tausayinki nake ji, kwana uku kina jin kukansa ke kaɗai.

Yayarki,
Hanifa

Maradun, Talata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya kama nonon, bayan ya yi mini fushi. Yau da hantsi ya tsula mini fitsari a sabon zanena. Sai da na zagaya ɗakin da aka kwantar da mu na nuna wa kowa kafin na wanke.

Allah shi saka miki da alheri.

Barira